Ɗalibi ko Ma'aikaci? Aƙidar Wasa don Sha'awa da Amanar Ilimi a Jami'o'in Amurka

Gabatarwa

Ga masu nazarin Hausa, sunayen jami'o'in Indiana da Wisconsin da UCLA ba baƙi ba ne, domin a can ne Paul Newman da Neil Skinner da Russell Schuh suka shafe shekaru suna koyarwa da rubuce-rubuce a kan harshen Hausa. Amma mafi yawan Amurkawa sun fi sanin waɗannan jami'o'i uku ta wata fuskar dabam. Dukkansu a yau suna cikin gamayyar wasanni ta Big Ten, wadda a shekarar 2022 ta sa hannu a kwantiragin talabijin na kimanin dala biliyan 7 na tsawon shekara 7. A yawancin ƙasashe, kulob-kulob ne ke renon 'yan wasa su kuma sayar da wasa ga 'yan kallo. A Amurka kuwa an ɗora wa jami'a kaso mai tsoka na wannan kasuwanci, musamman a ƙwallon kwando da kuma wasan nan mai kama da zari-ruga wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, wanda a nan za a kira shi ƙwallon Amurka.

Fiye da shekara 100, ginshiƙin wannan tsari shi ne aƙidar wasa don sha'awa. Manufarta ita ce ɗan wasan jami'a ɗalibi ne mai motsa jiki don nishaɗi da tarbiyya, saboda haka bai halatta ya karɓi lada ba. A ranar 6 ga Yuni 2025, Mai Shari'a Claudia Wilken ta wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye. Da wannan hukunci aƙidar ta zo ƙarshe a manyan gasanni, ko da yake har yanzu akwai masu jimaminta, suna ganin ita ce katangar da ta raba jami'a da kasuwa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne aƙidar ba ta taɓa kare ilimin ɗan wasa ba. Abin da ta kare shi ne aljihun jami'a. Haka kuma rushewarta, duk da cewa ta gyara wani zalunci, ba ta amsa babbar tambayar da ke gaban ilimi mai zurfi ba, wato wa ke da iko a kan lokacin ɗalibi da ajinsa da makinsa.

Asalin Aƙidar

Aƙidar wasa don sha'awa ba a ajin karatu aka haife ta ba. Ta tsiro ne a Ingila ta ƙarni na 19, a tsakanin 'ya'yan masu hali waɗanda ba sa buƙatar yin aiki kafin su ci abinci. Dokokin hukumar tseren kwale-kwale ta Ingila a ƙarshen wancan ƙarni sun hana leburori da masu sana'ar hannu shiga gasar 'yan sha'awa, ko da kuwa ba su taɓa karɓar ko kwabo a kan wasa ba. A shekarar 1895 kulob-kulob na zari-ruga a arewacin Ingila suka ɓalle daga uwar ƙungiya, saboda an hana su biyan ma'aikatan ma'adinai da na masaƙu kuɗin ranar aikin da suka rasa domin buga wasa. Ke nan tun farko aƙidar hanya ce ta tace mutane bisa ga matsayinsu a al'umma. Wanda ubansa ke ciyar da shi zai iya wasa kyauta, wanda guminsa ke ciyar da shi kuwa sai ya koma gefe.

Da aƙidar ta ƙetara teku zuwa Amurka, sai ta tarar da kasuwa ta riga ta isa filin. Gasar farko tsakanin jami'o'in ƙasar, wato tseren kwale-kwale tsakanin Harvard da Yale a 1852, wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta domin jawo fasinjoji zuwa tafkin da aka yi tseren. An buga wasan ƙwallo na farko tsakanin Rutgers da Princeton a 1869, kuma kafin ƙarnin ya ƙare wasan ya zama abin tara dubban 'yan kallo masu biyan kuɗin shiga.

Ita kanta hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wato NCAA, ba don kare karatu aka kafa ta ba. A kakar wasa ta 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu a filayen ƙwallon Amurka a matakai daban-daban. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya matsa musu su gyara dokokin wasan. Ƙungiyar da aka kafa a 1906 sakamakon wannan rikici ita ce ta ɗauki sunan NCAA a 1910. Bayan shekara 19, wato a 1929, Gidauniyar Carnegie ta fitar da wani rahoto mai tsawo wanda ya gano cewa mafi yawan makarantun da aka bincika suna tallafa wa 'yan wasa ta bayan fage, ta hanyar ayyukan bogi da kyaututtukan tsofaffin ɗalibai. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne babu wani zamanin tsarki da za a ce an baro a baya. Aƙidar tana rubuce a takarda, kuɗi kuma suna yawo a ƙarƙashin tebur tun daga farko.

Yadda Aka Ƙirƙiri Sunan Ɗalibi-Ɗan-Wasa

Masu nazarin harshe sun san cewa suna yana iya zama makami, kuma a wannan tarihi akwai misali mai kyau. A 1953 Kotun Ƙoli ta Jihar Kolorado ta yanke hukunci cewa Ernest Nemeth, ɗan wasan Jami'ar Denver da ya ji rauni wajen atisaye, ma'aikacin jami'ar ne, don haka ya cancanci diyyar ma'aikata. Wannan hukunci ya tayar da hankalin shugabannin jami'o'i, domin idan ɗan wasa ma'aikaci ne, to duk karaya da duk mutuwa a fili za su zama bashi a wuyan makaranta.

Walter Byers, wanda ya zama shugaban gudanarwa na NCAA a 1951 ya kuma riƙe kujerar fiye da shekara 35, shi ne ya jagoranci neman mafita. Aka ƙirƙiro sunan ɗalibi-ɗan-wasa, aka cusa shi a cikin dokokin hukumar, aka umarci jami'an yaɗa labarai na makarantu su riƙa amfani da shi. Ba a daɗe ba sunan ya nuna amfaninsa. A 1955 Ray Dennison, ɗan wasan kwalejin Fort Lewis, ya mutu sakamakon bugun da ya sha a ka a lokacin wasa. Matarsa ta nemi diyya, amma a 1957 kotun ta Kolorado ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba kasuwancin ƙwallo take yi ba. A littafin da ya wallafa a 1995, bayan ya bar aiki, Byers da kansa ya bayyana cewa gudun biyan diyyar ma'aikata ne ya sa aka ƙago sunan, ya kuma soki tsarin da ya taimaka wajen ginawa.

A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma, a 1956, NCAA ta halatta ba da tallafin karatu saboda bajintar wasa kaɗai. Wannan shi kansa wani nau'in lada ne, sai dai jami'o'i ne suka haɗu suka ƙayyade iyakarsa. A 1973 aka mayar da tallafin na shekara ɗaya-ɗaya, wanda ake iya sabuntawa ko a ƙi. Ma'anar haka ita ce ci gaban karatun matashi ya koma hannun koci. Wanda ya ji rauni, ko wanda aka samu wani da ya fi shi gudu, yana iya rasa gurbinsa ko da kuwa yana cin jarrabawarsa. Sai a 2012 aka sake ba makarantu izinin ba da tallafi na shekaru da yawa. Duk tsarin da ya ba koci ikon yanke karatun ɗalibi saboda dalilin fili, ya riga ya faɗi da bakinsa abin da ya kawo ɗalibin makarantar.

Kuɗin Talabijin da Hukuncin Kotuna

Abin da ya sauya girman matsalar shi ne talabijin. Har zuwa farkon shekarun 1980, NCAA ce ke riƙe da ikon sayar da wasannin ƙwallon Amurka ga gidajen talabijin, tana kuma taƙaita yawan wasannin da za a nuna. Jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai ta ƙara, kuma a 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa ta 1890. Daga nan kowace gamayya ta sami 'yancin cinikin wasanninta. Abin lura shi ne jami'o'in da suka nemi kasuwa ta buɗe domin su sayar da wasa, su ne kuma suka dage kasuwa ta rufe idan aka zo batun ladan masu buga wasan. A cikin hukuncin na 1984 akwai wata 'yar magana ta gefe da ke yaba al'adar wasa don sha'awa, kuma da ita lauyoyin NCAA suka riƙa fakewa kusan shekara 40.

Kuɗin kuwa sai ƙaruwa suke yi. A 2010 NCAA ta sayar wa kamfanonin CBS da Turner damar nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, aka kuma tsawaita yarjejeniyar a 2016 da ƙarin dala biliyan 8.8 har zuwa 2032. Tun da an hana biyan 'yan wasa, kuɗin suka kwarara zuwa albashin masu horarwa da gine-ginen alfarma. A jihohi da dama, kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi yawan albashi. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, ta kuma ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 na ragowar kwantiraginsa. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma da wuya a sami tsarin da karin maganar ya dace da shi kamar wannan.

Daga nan ƙararraki suka biyo juna. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙasa da UCLA a 1995, ya ga kamanninsa a cikin wani wasan kwamfuta da ake sayarwa ba tare da an nemi izininsa ko an ba shi komai ba, sai ya shigar da ƙara a 2009, ya kuma yi nasara a kotun farko a 2014. A 2019 Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A ranar 21 ga Yuni 2021, alƙalan Kotun Ƙoli su 9 gaba ɗaya suka yanke hukunci a shari'ar Alston cewa NCAA ba ta da ikon taƙaita alfanun da ya shafi karatu. Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin, inda ya nuna cewa irin wannan haɗin baki na hana lada haramun ne a kusan kowace sana'a a ƙasar, ya kuma lura cewa da yawa daga cikin 'yan wasan da ke samar da kuɗin baƙar fata ne 'ya'yan marasa hali. Kwana 10 bayan haka NCAA ta janye haramcin cin gajiyar suna da hoto. Sulhun 2025 ya kammala lamarin: za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Abin da Ya Faru a Wani Sashen Nazarin Afirka

Mai kare aƙidar zai iya cewa duk wannan magana ce ta kuɗi, alhali ainihin ladan ɗan wasa shi ne ilimi. Wannan ikirari ya cancanci a gwada shi, kuma babu wurin gwaji da ya fi Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in gwamnati masu daraja a Amurka. Labarin nata ya kamata ya taɓa zuciyar duk mai koyar da harshen Afirka.

A watan Oktoba 2014, Kenneth Wainstein, tsohon babban jami'i a ma'aikatar shari'a ta tarayya wanda jami'ar ta ɗauka don yin bincike, ya fitar da rahotonsa. Ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011, wato shekara 18, Sashen Nazarin Afirka da Baƙaƙen Amurka ya gudanar da kwasa-kwasan da ba a shiga aji, ba a ganin malami. Abin da ake buƙata kawai shi ne ɗalibi ya miƙa takarda guda, wata ma'aikaciyar ofis wadda ba malama ba ce ta ba shi maki mai yawa, sau da yawa ba tare da ta karanta takardar duka ba. Ɗalibai kimanin 3,100 ne suka bi ta waɗannan kwasa-kwasai, kusan rabinsu kuma 'yan wasa ne, duk da cewa 'yan wasa ƙaramin kaso ne na ɗaliban jami'ar. Masu ba 'yan wasa shawara kan karatu suna tura su can domin makinsu ya kai matsayin da zai ba su damar ci gaba da buga wasa. Daga cikin kwasa-kwasan har da mataki na uku na harshen Swahili, inda ɗalibi ke cika sharaɗin koyon harshen waje ta hanyar rubuta takarda da Turanci.

Hukumar da ke tantance jami'o'in kudancin Amurka ta sanya jami'ar a ƙarƙashin sa ido na shekara guda a 2015. Ita kuwa NCAA, a Oktoba 2017, ta sanar cewa ba ta iya tabbatar da an karya dokokinta na karatu ba, saboda kwasa-kwasan a buɗe suke ga sauran ɗalibai, kuma jami'a ce ke da hurumin tantance ingancin karatunta. Wannan ita ce hukumar da ta yi shekaru tana dakatar da matasa saboda sun karɓi kyauta daga masoya ko sun sayar da rigar wasansu. Dokokin nata suna da kaifi a kan kuɗin da ya shiga hannun ɗalibi, amma ba su da abin cewa a kan ilimin da bai shiga kansa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Asarar ta faɗa kan mutane biyu. Na farko shi ne ɗalibin da aka ce ilimi ne ladansa, aka kuma ba shi takardar shaida maras komai a ciki. Na biyu shi ne fannin ilimin kansa. Nazarin Afirka fanni ne da aka yi gwagwarmaya kafin ya sami kujera a jami'o'in Amurka, sai ga shi an mayar da wani sashe nasa ƙofar baya ta sashen wasanni, abin da ya jefa zargi a kan malaman kirki da ɗaliban kirki na sashen. Ƙananan sassa, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga yawan masu rajista, su ne suka fi saurin faɗawa irin wannan tarko.

Hujjojin Masu Kare Aƙidar

Adalci ya buƙaci a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsa ba na banza ba ne. NCAA tana da makarantu kimanin 1,100 da 'yan wasa kimanin 500,000, kuma mafi yawansu suna buga wasannin da ba sa kawo riba, kamar ninƙaya da guje-guje da kokawa. Kuɗin ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando ne ke ɗaukar nauyin da yawa daga cikin waɗannan a manyan makarantu. Dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin tarayya ta buɗe wa mata ƙofar wasanni, kuma akwai fargabar cewa biyan taurarin maza zai rage abin da ke isa gare su. Tallafin karatu kuma ya ilmantar da dubban matasa da ba za su iya biyan kuɗin jami'a ba, har da 'yan Afirka. Ta wannan hanya Hakeem Olajuwon ya je Jami'ar Houston, Tobi Amusan kuma ta je Jami'ar Texas da ke El Paso.

Sai dai wannan hujja, idan aka duba ta da kyau, tana cewa ne a hana wasu matasa haƙƙin guminsu domin a ɗauki nauyin wasu. Idan jami'a ta yarda cewa ninƙaya da kokawa suna da amfani ga tarbiyyar ɗalibai, to ta biya su daga kasafinta kamar yadda take biyan ɗakin karatu, ko ta rage daga albashin masu horarwa. Babu wanda ya taɓa neman koci ya yi aiki don sha'awa domin a ceci wasannin mata. Ƙari a kan haka, akwai makarantun da suke bin aƙidar da gaske, kamar na rukuni na uku na NCAA da na gamayyar Ivy, waɗanda ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa. Kasancewarsu ta nuna cewa wasa don sha'awa abu ne mai yiwuwa, amma bisa sharaɗin makarantar ita ma ta haƙura da biliyoyin talabijin. Jami'ar Shikago, a ƙarƙashin shugabanta Robert Maynard Hutchins, ta soke ƙwallon Amurka a 1939, ta fice daga Big Ten a 1946, kuma darajarta ta ilimi ba ta ragu ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne jami'a ta zama 'yar kasuwa a wajen saye da sayarwa, ta kuma nemi ɗan wasa kaɗai ya zama mai gudun duniya.

Wa Ke Riƙe da Linzami?

Da yake yanzu an fara biyan 'yan wasa, wani zai ɗauka magana ta ƙare. Tsugune ba ta ƙare ba, domin matsalar shugabanci tana nan. A farkon shekarun 1990 kwamitin Knight ya ba da shawarar shugabannin jami'o'i su karɓi ragamar wasanni daga hannun daraktocin wasanni, kuma a 1997 aka sake fasalin NCAA bisa wannan manufa. Amma a ƙarƙashin shugabannin ne kasuwancin ya fi bunƙasa, domin shugaban jami'a yana amsa tambayoyin majalisar amintattu da masu ba da gudummawa da 'yan siyasar jiha, waɗanda da yawansu sun fi damuwa da sakamakon wasan Asabar.

Sake fasalin gamayyoyi a 2024 ya nuna wanda ke yanke shawara. UCLA da wasu jami'o'i uku na gaɓar tekun Fasifik suka koma Big Ten, Stanford da Berkeley kuma suka shiga wata gamayya mai ɗauke da sunan gaɓar tekun Atilantika. Tsakanin Los Angeles da Jami'ar Rutgers akwai tazarar kusan kilomita 4,000, wadda ta fi ta Kano zuwa Jidda, ga kuma bambancin sa'a 3 a agogo. 'Yar wasan ƙwallon raga da za ta yi wannan tafiya a tsakiyar mako, ba don amfanin karatunta aka tsara ta ba. Tun 1991 dokar NCAA ta ƙayyade sa'a 20 a mako don harkokin wasa, amma binciken da hukumar kanta ta yi ya nuna cewa 'yan ƙwallon Amurka a manyan makarantu suna kashe kimanin sa'a 40. Wannan cikakken aiki ne, kuma ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke samun shiga wasan sana'a daga baya.

Sulhun 2025 bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Lauyoyi ne suka tsara shi, kuma sabuwar hukumar da ke sa ido a kansa manyan gamayyoyi ne suka kafa ta. Iyakar dala miliyan 20.5 ita ma ƙayyade lada ce da ba a yi ciniki a kanta da wata ƙungiyar 'yan wasa ba. Yunƙurin 'yan wasan Jami'ar Northwestern na kafa ƙungiyar ƙwadago ya tsaya a 2015, na 'yan ƙwallon kwandon Dartmouth kuma, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024, an janye shi a ƙarshen wannan shekarar. 'Yan wasa baƙi, ciki har da 'yan Afirka, suna cikin wani ruɗani na dabam, domin bizar ɗalibai ta taƙaita irin aikin da za su iya yi don samun kuɗi a cikin Amurka.

Gyaran da ya dace yana da fuska biyu. A fuskar aiki, matashin da ke kashe sa'a 40 a mako yana samar da kuɗin shiga ya cancanci wakilci a teburin da ake yanke ladansa da tsawon kakar wasansa da kula da lafiyarsa bayan ya bar makaranta. A fuskar ilimi kuwa, ikon da ya zame daga hannun malamai ya kamata ya koma. Majalisar malamai ce ya dace ta amince da jadawalin tafiye-tafiye kafin a sa hannu a kwantiragin talabijin. Masu ba 'yan wasa shawara kan karatu su kasance ƙarƙashin ofishin harkokin karatu, kada albashinsu ya fito daga sashen wasanni. A riƙa binciken kwasa-kwasan da 'yan wasa suka yi cincirindo a cikinsu, a kuma bayyana sakamakon. Tallafin karatu ya ɗore har ɗalibi ya kammala digiri, ko yana buga wasa ko rauni ya zaunar da shi. Jami'ar da ta ga ba za ta iya ɗaukar waɗannan sharuɗɗa ba, hanyar da Shikago ta bi a 1939 tana nan a buɗe.

Kammalawa

An ga yadda aƙidar wasa don sha'awa ta faro a matsayin shingen masu hali a Ingila, ta zama garkuwar shari'a a Amurka ta shekarun 1950, ta kuma rushe a gaban kotuna tsakanin 2014 da 2025. A duk tsawon wannan lokaci, an riƙa auna ɗalibtar ɗan wasa da abin da bai karɓa ba. Wannan ma'auni bai dace ba, domin ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke taya koyarwa a jami'o'in Amurka suna karɓar alawus, babu kuma wanda ya ce sun daina zama ɗalibai saboda haka. Ma'aunin da ya dace shi ne ko ɗalibin yana da lokacin shiga aji, ko shi ya zaɓi fanninsa, ko malami ya karanta aikinsa da gaske. Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun jami'a, ba kotu ce za ta ba da ita ba. Abin da ya faru da kwas ɗin Swahili a Chapel Hill ya ishi kowane sashen harshe izina, a duk inda yake, cewa maki amana ce a hannun malami, kuma ranar da wani ofishi na waje ya fara tsara wanda zai ci da wanda zai faɗi, digirin kowa ne ke rage daraja.